Ko Kun Sani? Fim Ɗin da Tallansa Ya Tona Masa Asiri

A 1925 kotu a Jamus ta yanke hukuncin a lalata duk kwafin Nosferatu, fim ɗin ban tsoro na darakta F. W. Murnau. Da kyamara ɗaya tak aka ɗauke shi a 1921, amma kamfanin Prana da ya shirya shi ya yi facaka wajen ƙaddamar da shi a Berlin cikin Maris 1922. Takardar bikin ce ta faɗa hannun matar marigayi Bram Stoker, marubucin Dracula, wanda aka ɗauki labarinsa ba izini, sai ta kai ƙara. Wani zai ce ai sun sauya sunayen mutanen ciki. To amma takardar da kanta ta ambaci Stoker. Kwafin da suka riga suka ƙetare iyaka ne suka tsira.