Bayan Katangar GRA: Bauchin Da Baƙon Abuja Bai Gani Ba

Yawancin jami'an tarayya da aiki ke kai su Bauchi, iyakar saninsu da garin ita ce GRA: masauki, ɗakin taro, sai hanyar komawa Abuja. Abin da suke bari a baya kuwa ba kaɗan ba ne.

Mintuna kaɗan daga inuwar itatuwan unguwar akwai tsohon birnin da Malam Yakubu, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19. Sunayen ƙofofi irin su Wunti da Ran suna nan a bakin jama'a, amma gine-gine sun cinye ganuwar a wurare da dama. Kusa da Ƙofar Ran kabarin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, wanda aka kashe a Janairun 1966. Kabari ne marar ƙawa, kuma duk mai riƙe da amanar gwamnati ya kamata ya tsaya a gabansa ko da sau ɗaya.

Wanda ya samu rarar kwana, ya nufi Yankari a Ƙaramar Hukumar Alkaleri, dajin da aka keɓe a 1956. Bauchi ba ta da teku, amma tana da Wikki, maɓuɓɓugar da ɗuminta ba ya kauce wa digiri 31, rani da damina. Giwaye ne dai ba tabbas. Farauta ta rage su matuƙa. A je da rani, lokacin da ƙishirwa ke tara namun daji a bakin Kogin Gaji, a kuma fita da sassafe.