Faɗin Hanya a Sababbin Unguwanni da Shigar Motocin Agaji



Maganar da zan yi a yau ta shafi hanyoyin da a kan bari a tsakanin gidaje sa'ad da mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti ya sayar. Waɗannan hanyoyi ba hukuma ce ta shata su ba, ba ita ce kuma ke gyaransu ba. Amma ranar da gobara ta tashi, ko mace ta shiga naƙuda da tsakar dare, ta nan ne tilas motar 'yan kwana-kwana ko motar asibiti za ta bi. Zan ɗauki garin Bena, na Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu a ƙasar Zuru, ya zama abin misali. Dalili kuwa, gari ne na kasuwa a kusa da iyakar Jihar Kebbi da Zamfara, yana kuma cikin yankin da rashin tsaro na 'yan shekarun nan ya kori mutanen ƙauyuka da yawa zuwa garuruwa. Duk inda mutane suka ƙaru haka, gonakin bakin gari su ne ke komawa gidaje.

Bari mu fara da lissafin mai gona, domin a nan ne tushen matsalar yake. Fulotin da aka saba da shi a ƙasar nan ƙafa 50 ne faɗi, ƙafa 100 tsawo, watau murabba'in ƙafa 5,000. A ce hanyar da za a bari tsawonta ƙafa 1,000 ne. Idan aka rage faɗinta daga ƙafa 30 zuwa ƙafa 10, an sami rarar murabba'in ƙafa 20,000, watau fuloti huɗu cif. Kuɗin fuloti huɗu a yau yana hannun mai gona da dillalinsa, hasarar gobara kuwa tana can gaba, a kan wani mutum dabam da bai ma sayi filin ba tukuna. Mutanen Kano suna kiran irin wannan yanka awon igiya, unguwanni masu yawa na kewayen birnin kuwa da shi aka kafa su.

Ƙafa 10 ɗin ma ba ta zama ƙafa 10. Wannan ya gina dakali, wancan ya haƙa shadda a waje, na gaba ya kafa rumfa ko ya ɗaure dabba. Ga kwata, ga turken lantarki, ga motar da ke kwana a ƙofar gida. Kafin shekaru kaɗan, abin da ya rage babur kaɗai ke wucewa.

To, mene ne motar kashe gobara ke bukata? Faɗin jikinta kamar mita biyu da rabi ne, kuma sai an sami wurin buɗe ƙofofinta da jawo mesa. A Ingila ƙa'idar gini ta sa faɗin hanya kada ya gaza mita 3.7, ƙofar shiga mita 3.1, hanyar kuma ta iya ɗaukar nauyin tan 12.5. Ta kuma sa motar ta iya kusantar gida har ya zama babu wani saƙo a cikinsa da ya fi nisan mita 45 daga gare ta. Idan lungu ba ya ɓullewa, tsawonsa kuma ya wuce mita 20, sai an yi masa wurin juyawa a ƙarshe. A yawancin jihohin Amurka an fi haka yalwatawa: faɗi ƙafa 20, sarari daga ƙasa zuwa sama ƙafa 13 da inci 6, wurin juyawa kuma ga duk lungun da ya wuce ƙafa 150. Turawan Ingila ma da wuya suka koya, gama sai da gobarar London ta 1666 ta cinye gidaje wajen 13,000 kafin a yi dokar 1667 wadda ta faɗaɗa tituna, ta kuma tilasta gini da tubali ko dutse.

A wurinmu akwai ƙarin abu guda, shi ne nauyi. Galibin garuruwanmu ba su da famfunan gobara a bakin titi, saboda haka motar ce ke ɗauko ruwanta. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankar da ta ɗauko lita 10,000 tana ɗauke da tan 10 na ruwa zalla, ban da nauyin ƙarfenta. Hanyar da aka bar ta da ƙasar gona, ba tsakuwa, ba magudanar ruwa, ko da faɗinta ya kai ƙafa 40, a watan Agusta sai ta riƙe motar. Haka nan ɗan kwalbatin da maƙwabta suka haɗa kuɗi suka zuba da bulo, ya ɗauki amalanke, ba ya ɗaukar tanka.

Kada wani ya zaci wannan tunani baƙo ne. A fiƙihun Malikiyya, bisa wani hadisi sananne, idan aka yi saɓani a kan faɗin hanya a kan mai da shi kamu bakwai, watau mita uku da ɗan wani abu, gwargwadon yadda raƙuma biyu masu kaya za su gifta juna. Abin lura shi ne, ma'aunin magabata ya taso ne daga abin hawa mafi girma na zamaninsu, kuma bai yi nisa da ma'aunin Ingila na yau ba. Malamai sun kuma hana mutum ya ci hanya da gini ta yadda zai cutar da masu wucewa. Abin da ya sauya kurum shi ne, mota ba ta lanƙwasa a kusurwa yadda raƙumi ke yi.

Yanzu sai batun doka, inda nake son ma'aikatan hukuma su ba ni hankalinsu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ta ba shi ikon ayyana wurin da yake birni. Wurin da ba a ayyana ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Dokar Tsara Birane ta 1992, mai lamba 88, ta tanadi hukumar tsari a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, sa'an nan a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ma'anar wannan duka ita ce, babu mai zuwa daga Abuja ya auna lungunan Bena. A aikace, takardar cinikin fili a irin waɗannan garuruwa a gaban mai unguwa ko dagaci ko hakimi a kan shaide ta, tun ba ta kai ofishin ƙasa da safiyo ba. A ganina, nan ne ya kamata a tare al'amarin: kada a sa hannu a kan cinikin fuloti na farko sai an ga zanen gonar duka, an kafa turakun hanya, an rubuta a takardar kowane mai saye cewa hanyar ba ta shiga cikin abin da ya saya ba.

Dokar 1978 ɗin kanta ta nuna dalilin gaggawa. Idan hukuma ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da take biya ta abin da aka gina ko aka shuka a kai ce. Buɗe hanya a gona kafin a aza tubali, kusan kuɗin igiya da turaku ne. Buɗe ta bayan an yi gini kuwa rusau ne, da diyya, da shari'a, da gabar da a kan gada.

Akwai wata takaddama da ba zan tsallake ba. Saboda tsoron mahara, unguwanni da yawa a ƙasar nan sun toshe bakin lungunansu da ƙofar ƙarfe ko katanga. Wanda ya san halin da ƙasar Zuru ta shiga ba zai zargi mai yin haka ba. Sai dai ƙofar da ta hana ɓarawo shiga, ita ce ke hana motar asibiti. Abin da ya fi, a yi ƙofar da faɗin da mota za ta wuce, kada a gitta mata ƙarfe a sama, makullinta ya kasance a hannun mutum fiye da ɗaya, unguwa kuma ta kasance tana da mafita biyu.

Ga ma'aunin da zan ba ƙaramar hukuma shawara ta fara da shi. Babbar hanyar unguwa kada ta gaza mita 12, ta tsakanin gidaje mita 9, domin bayan an cire kwata da turakun lantarki a sami mita 6 na tafiya. Kusurwoyin mahaɗa a datse su yadda doguwar mota za ta karya kwana. Lungu marar ɓullewa a yi masa fili a ƙarshe. A kuma rubuta tun farko wanda zai riƙa zuba tsakuwa da yashe kwata, ko mazauna unguwa ne ta hanyar ƙungiyarsu, ko kuwa ƙaramar hukuma ce za ta karɓi hanyar bayan an cika sharuɗɗa.

Ya Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.