Ƙarancin Jini Da Ciwon Maƙoƙo: Yadda Za A Kai Ga Ƙwararren Likita

Akwai wasu cututtuka da ba sa kwantar da mutum farat ɗaya, sai dai su riƙa cin ƙarfinsa a hankali. Mace za ta yi ta kukan gajiya, jiri, faɗuwar gaba da zubewar gashi. Ta je kemis a ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, bayan wata guda a ce taifot ne, daga baya kuma a ce tunani ne ya yi mata yawa. A gida kuwa wasu su ce ragwanci ne. Sau da yawa abin da ke damunta shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, ko ciwon tayirod, ko kuma duka biyun tare. Dukansu suna da magani. Wahalar ita ce a gano su, sannan a samu likitan da ya ƙware a kansu. A wannan fitowa za mu yi bayanin waɗannan cututtuka biyu da hanyar da ake bi a kai ga ƙwararren likita ba tare da an ɓata kuɗi da lokaci a banza ba.

Mene ne ƙarancin sinadarin ƙarfe?

Jiki yana amfani da sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan lafiya ke kira ayon, wajen ƙera himoglobin, wato abin da ke sa jini ya yi ja, kuma shi ke ɗaukar iska daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Idan ƙarfen ya yi ƙasa sai jini ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum a matsayin mai ƙarancin jini idan himoglobin ɗinsa ya gaza 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Najeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka ma yara 68 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar.

Abubuwan da suka fi jawo shi a wurarenmu su ne zubar jini mai yawa lokacin al'ada, haihuwa kusa da kusa, tsutsar ciki mai shan jini, tsargiya, gyambon ciki, da abincin da babu nama ko ganye a cikinsa. Alamunsa sun haɗa da kasala, haki idan an ɗan yi aiki, farin ido da farin tafin hannu, da sha'awar cin ƙasa ko tauna ƙanƙara.

Mu lura da abu guda. A ƙananan asibitoci gwajin da aka saba yi shi ne PCV, wanda ke nuna yawan jini kawai. Mutum yana iya samun PCV mai kyau alhali ajiyar ƙarfen jikinsa ta ƙare. Gwajin da ke nuna wannan ajiya sunansa feritin. Idan ya gaza 15 ga babban mutum, to rumbun ya zama fanko. Amma in an yi shi lokacin da mutum ke zazzaɓi, yakan nuna adadi mai yawa wanda ba gaskiya ba ne.

Mene ne tayirod?

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, mai siffar malam-buɗe-littafi. Tana fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki duka: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, al'adar mata, da girman ƙwaƙwalwar jariri. Idan ta kumbura, shi ne muke kira maƙoƙo. Sai dai mutum yana iya fama da ciwon tayirod ba tare da wuyansa ya kumbura ba ko kaɗan.

Idan aikinta ya yi rauni, mutum yakan ji sanyi ko da ana zafi, ya yi ƙiba ba tare da ya ƙara ci ba, fatarsa ta bushe, bayan gida ya yi tauri, ya riƙa mantuwa da yawan barci. Idan kuma aikinta ya yi yawa, sai a ga rama duk da ana cin abinci sosai, gumi, rawar hannu, bugun zuciya da sauri, rashin barci, wani lokaci idanu su firfito.

Tayirod tana buƙatar sinadarin aidin. Babban mutum yana buƙatar maikrogiram 150 a rana, mai juna biyu 250. Saboda yawan maƙoƙo a wasu yankuna, musamman masu duwatsu da ke nesa da teku, gwamnatin Najeriya ta wajabta sa aidin a cikin gishiri a shekarar 1993. Wannan ya rage maƙoƙo ƙwarai. Amma akwai ciwon tayirod da ba ruwansa da gishiri, wanda garkuwar jiki ce da kanta take kai wa tsokar hari. Irin wannan ya fi kama mata, kuma yakan bi dangi.

Me ya haɗa su biyun?

Alamunsu suna kama da juna, kuma ɗaya yana ƙara wa ɗaya nauyi. Tayirod ba ta iya haɗa sinadarinta da kyau idan babu isasshen ƙarfe a jiki. Ita kuma tayirod mai rauni takan sa jinin al'ada ya yi yawa, ƙarfe ya ƙara tafiya. Shi ya sa mace za ta iya shan maganin ɗaya na tsawon watanni, gajiyar ba ta tafi ba, domin ba a duba ɗayan ba.

Me ya sa ganin ƙwararren likita ke da wuya?

Likitocin da suka ƙware a kan tayirod su ne kuma suke duba masu ciwon suga, kuma ba su da yawa. Galibinsu suna manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Jos, da na Jami'ar Maiduguri, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe. Mutumin ƙauye sai ya yi tafiyar sa'o'i kafin ya kai ɗaya daga cikinsu. Ga kuɗin mota, ga na kwana, ga na ɗan rakiya.

Ban da nisa, ƙwararrun ba kullum suke ganin masu zuwa daga waje ba, suna da ranakunsu a mako. Wanda ya zo ba a ranar ba, ko ya zo babu takardar da likita ya turo shi da ita, sai ya fara daga sashen da ake duba kowa da kowa, daga nan a ba shi ranar dawowa. Gwajin tayirod da na feritin kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin su ba, sun kuma fi gwajin zazzaɓi tsada nesa ba kusa ba. Wannan ne ke sa mutane da yawa su gaji su koma wurin mai tsaga ko mai ƙaho. Tsaga ba ta sa maƙoƙo ya sace, ƙaho kuwa jini yake ƙara ragewa ga wanda da ma jininsa bai isa ba.

Matakan da za su rage wahala

1. Ku fara daga asibitin da ke kusa. Ba kowane mai wannan ciwo ne sai ya ga ƙwararre ba. Likitan babban asibitin ƙaramar hukuma yana iya kula da yawancin masu ƙarancin ƙarfe, da masu raunin tayirod da aka riga aka gano.

2. Ku rubuta alamunku kafin ku je: yaushe suka fara, kwana nawa al'ada ke yi, ko jiki ya ƙaru ko ya ragu, ko akwai mai maƙoƙo a dangi. Wanda bai iya rubutu ba ya nemi ɗa ko maƙwabci ya rubuta masa.

3. Ku tambayi likita cikin ladabi ko ya dace a yi gwajin himoglobin, da feritin, da TSH. Gwajin TSH shi ne na farko da ake yi wa tayirod. Idan ya yi sama, aikinta ya yi rauni. Idan ya yi ƙasa sosai, aikinta ya yi yawa.

4. Idan za a tura ku gaba, ku roƙi a ba ku takarda a rubuce, mai ɗauke da abin da aka gani da maganin da aka ba ku. Ku binciki ranar da ƙwararren ke zama kafin ku hau mota.

5. Ku ajiye duk takardun gwaji da katin asibiti da kwalayen magani a jaka guda. Wanda ya ɓatar da sakamako sai ya sake biya.

6. Kafin ku bar gaban ƙwararren, ku tambaye shi ko zai rubuta tsarin maganin domin likitan garinku ya ci gaba da duba ku. Wannan yana rage yawan tafiye-tafiye.

7. Ku binciki inshorar lafiya. Dokar da aka sa wa hannu a shekarar 2022 ta wajabta ta ga 'yan Najeriya, kuma jihohi irin su Kano, Kaduna da Filato suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. Ku tambayi ko gwajin da kuke buƙata yana cikin abin da suke biya.

Abin da za a yi kafin ranar ganin likita ta zo

Jira ba zaman banza ba ne. A ci hanta, nama, kifi, wake, daddawa, zogale, alayyafo da miyar kuka gwargwadon hali. Lemo, gwaiba da tumatir suna taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfe. Shayi yana hana shi, don haka a raba shi da lokacin cin abinci. Lemon malt da madara da mutane ke sha domin ƙarin jini ba su da ƙarfen kirki, kuɗin ya fi amfani idan an sayi hanta ko wake. A yi amfani da gishirin leda mai aidin, a rufe shi, a ajiye nesa da murhu da rana. Rogo kuma a jiƙa shi a sarrafa shi sosai kafin a ci, domin wanda bai jiƙu ba yana hana tayirod amfani da aidin.

Ga wanda aka ba ƙwayar ƙarfe: bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. A sake auna jini bayan wata guda. Idan jini ya dawo daidai a ci gaba da sha har kimanin wata uku domin rumbun ya cika. Idan bai ƙaru ba, a koma wurin likita, domin akwai ƙarfen da ake ba da shi ta jijiya a manyan asibitoci. Masu sikila kada su sha ƙwayar ƙarfe sai likita ya gwada ya ce su sha, domin ƙarancin jininsu daban ne. Namiji, ko macen da ta daina al'ada, idan aka same su da ƙarancin ƙarfe, dole a binciki inda jini ke zurarewa a ciki ko hanji.

Ga mai shan tairoksin, maganin raunin tayirod: a sha da safe da ruwa kafin a ci komai, a jira rabin sa'a zuwa sa'a guda. A raba shi da ƙwayar ƙarfe da sa'a huɗu, in ba haka ba ƙarfen zai hana shi shiga jiki. Bayan an canza yawan maganin, ana sake gwajin TSH bayan mako shida zuwa takwas. Yawancin masu shan sa har ƙarshen rayuwa za su sha, don haka kada a daina don an ji sauƙi. Macen da ta samu ciki tana shan sa kada ta tsaya. Ta sanar da likita da wuri, domin buƙatarta takan ƙaru, kuma ƙwaƙwalwar jaririn ta dogara da shi.

Ga mai shan kabimazol, maganin tayirod mai yawan aiki: idan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki suka zo, a dakatar da shi a tafi asibiti a ranar, a auna jini. Mace mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa wa likita tun kafin cikin ya shiga.

Alamun da ba sa jiran rana

Kada a jira ranar da aka rubuta a kati idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: haki ko da mutum yana zaune, suma, kumburin ƙafa da fuska ga mai juna biyu wadda idonta ya yi fari, aman jini, baƙin bayan gida ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarfe, kumburin wuya mai tauri da ke girma da sauri, dashewar murya da ta ƙi warkewa, wahalar haɗiya ko numfashi, ko bugun zuciya mai tsanani tare da zazzaɓi da ruɗewa. A kai mara lafiya sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.

Abin da za mu iya yi tare

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar mata ko ta manoma tana iya ware wani abu daga adashi ya zama asusun gwaji da kuɗin mota. Masu zuwa asibiti ɗaya suna iya haɗa tafiya a rana guda su raba kuɗin. A kowace unguwa yana da kyau a samu mutum ɗaya mai karatu da ya san hanyar babban asibiti, wanda zai riƙa raka tsofaffi da waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Iyalanmu da ke birni kuma su buɗe ƙofa ga wanda ya zo ganin likita. Magidanta su ma suna da nasu aikin: idan uwargida ta daɗe tana kukan gajiya, a kai ta a auna ta kafin a yanke mata hukuncin ragwanci.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

Wane asibiti ne mafi kusa da mu da ke yin gwajin TSH da feritin, kuma nawa ake biya?

Wane irin gishiri ake sayarwa a kasuwarmu, kuma yaya muke ajiye shi a gida?

Su wa muka sani da suka daina zuwa asibiti saboda kuɗin mota, kuma me za mu yi domin su koma?