Gwajin Sana'a da Bizar Aiki: Misali Daga Hartum da Umdurman

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda mutumin da ke zaune a Hartum ko Umdurman yake samun bizar zuwa aiki a ƙasar waje, musamman Saudiyya, inda 'yan Sudan suka fi zuwa. Za mu duba abubuwa uku: wanda ke ɗaukar nauyin ma'aikaci, da sana'o'in da aka yarda baƙo ya yi, da kuma yadda ake gwada ƙwarewarsa kafin a ba shi izini. A kan hanya za mu ci karo da wasu kalmomin Larabci waɗanda Hausawan Sudan da na Makka suke amfani da su yau da kullum, don haka ɗalibi ya riƙa lura da su.

2.0 Asalin Wannan Tafiya

Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyarsu ta zuwa aikin hajji. A da da ƙafa ake tafiya, ana yada zango ana noma ko ƙwadago har a tara guzuri, sannan a shiga jirgin ruwa a Sawakin a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya suka yi gabas, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, sai wasu da yawa suka samu abin yi suka zauna. A wancan zamani babu mai tambayar matafiyi takardar shaidar sana'a.

Al'amari ya sake bayan 1973, lokacin da farashin man fetur ya tashi, ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suka shiga gine-ginen makarantu da asibitoci da hanyoyi. Malamai da likitoci da injiniyoyi da direbobi da makiyaya suka yi ta fita daga Sudan. Wanda ya tafi aiki waje 'yan Sudan suna kiran sa mugtarib, jam'i mugtaribin. Har gwamnati ta kafa hukuma ta musamman a Hartum domin kula da sha'anin 'yan ƙasa masu aiki a waje, saboda kuɗin da suke aikowa gida ya zama abin dogaron iyalai masu yawa.

3.0 Kafili da Iƙama

Bizar aiki ba ma'aikaci ne yake nema wa kansa ba. Mai ba da aikin, wato kamfani ko wani ɗan ƙasa, shi ne yake neman izini wajen hukumar ƙasarsa cewa yana son ya ɗauko mutum kaza daga ƙasa kaza domin su yi sana'a kaza. Wannan mai ɗaukar nauyi shi ake kira kafili, tsarin kuma kafala. Idan ma'aikaci ya isa, sai a yi masa katin zama, wato iƙama, wanda ake sabuntawa lokaci-lokaci. A jikin katin akwai sunan mai aikin, akwai kuma sana'ar da aka shigo da shi a kanta, wadda ake kira mihna.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya, wadda aka zartar a 2005, ta fayyace wannan. Sashe na 33 ya ce baƙo ba zai yi aiki ba sai da izini, kuma sai yana da ƙwarewa ko ilimin da ƙasar take bukata. Sashe na 36 ya ba minista ikon ayyana sana'o'in da aka hana wa baƙi. Sashe na 38 ya hana mai aiki ya sa ma'aikaci wata sana'a wadda ba ita ce a rubuce cikin takardar izininsa ba. Sashe na 39 ya hana ma'aikaci yi wa wani aiki ko buɗe na kansa. Sashe na 40 kuwa ya ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama a wuyan mai aikin.

Ke nan kalma ɗaya da aka rubuta a gurbin mihna tana da nauyi ƙwarai. Ita ke nuna irin aikin da mutum zai iya yi ba tare da ya karya doka ba. Tana kuma shafar ko zai iya ɗauko iyalinsa su zauna tare da shi: likita ko injiniya ko akanta yana da wannan dama, amma wanda aka rubuta masa lebura ko makiyayi da wuya ya same ta.

4.0 Sana'o'in da Aka Yarda da Waɗanda Aka Rufe

Jerin sana'o'in da baƙo zai iya yi ba a tsaye yake ba, yana sauyawa gwargwadon bukatar ƙasar. A 2011 Saudiyya ta fito da tsarin Nitaƙat, wanda ke auna kowane kamfani bisa yawan 'yan ƙasa da ya ɗauka. Kamfanin da ya cika adadin da aka gindaya yana shiga rukunin kore, a sauƙaƙa masa samun biza. Wanda ya gaza yana faɗawa rukunin ja, a hana shi ɗauko sababbin baƙi. A 2016 aka mayar da sayar da wayar hannu da gyaranta hannun 'yan ƙasa. A 2018 aka sanar da irin wannan mataki a kan rukunin shaguna 12, ciki har da na kayan ɗaki da tufafi da agoguna da kayayyakin gyaran mota.

Akwai kuma matakin da ya shafi aljihu. Daga watan Yuli na 2017 aka ɗora wa baƙo kuɗin wata-wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, mata ko ɗa. An fara da riyal 100, ana ƙara 100 duk shekara, har ya kai riyal 400 a 2020. Magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 ke nan a wata. Wannan ya sa iyalan Sudan da yawa suka komo gida, maigida ya zauna shi kaɗai.

A watan Yuli na 2025 aka kasa izinin aiki na baƙi gida uku: masu babbar ƙwarewa, da masu matsakaiciya, da masu aikin ƙarfi. Abubuwan da ake dubawa su ne ilimi da daɗewa a kan aiki da gwaninta da albashi da shekarun haihuwa.

5.0 Yadda Ake Gwada Ƙwarewa

Gwajin ya kasu gida biyu, na masu digiri da na masu sana'ar hannu.

Bari mu fara da masu digiri. A ɗauka likita ce da ta gama Jami'ar Hartum, wadda makarantar likitancinta ta samo asali tun 1924. Da farko sai an tabbatar da takardunta: jami'a ta buga hatimi, Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta buga, Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ta je. Wannan jerin hatimai shi ake kira tausiƙ. Tana kuma bukatar shaidar rajista daga Majalisar Likitocin Sudan. Bayan haka sai Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1992, ta sa kamfanin DataFlow ya tuntuɓi jami'ar da asibitocin da ta yi aiki kai tsaye, don a tabbatar takardun ba na jabu ba ne. Daga nan sai jarrabawar kwamfuta, wadda aka saba yi a cibiyoyin Prometric. Sakamakon duk wannan shi zai nuna matsayin da za a ba ta, kuma albashi yana bin matsayi. Injiniya ma haka: sai ya yi rajista da Majalisar Injiniyoyi ta Saudiyya kafin a yi masa iƙama da sunan injiniya.

Sai masu sana'ar hannu, inda matsalar ta fi yawa. A ɗauka wani saurayi ne da ya koyi walda a unguwar masana'antu ta Umdurman. Tun yana yaro yake gaban maigidansa, ya fara da miƙa kayan aiki har ya iya haɗa ƙofa da taga da tankin ruwa. Ya gwanance, amma ba shi da ko takarda ɗaya da ta ce haka. A Sudan akwai Majalisar Ƙoli ta Koyar da Sana'o'i, wadda ke kula da cibiyoyin horo, tana kuma gwada irin waɗannan da suka koya a bakin aiki ta ba su shaida. Sai dai ƙasar da za ta karɓi mutum ita ma tana son ta gani da idonta.

Saboda haka a 2021 Ma'aikatar Ƙwadago ta Saudiyya ta fara shirin gwajin sana'a ga baƙin da ke cikin ƙasar. Gwajin kashi biyu ne. Akwai tambayoyi a kan ƙa'idojin aiki da kare kai daga haɗari, akwai kuma gwajin hannu, inda za a ba mutum kayan aiki a ce ya yi a gani. Daga 2022 aka fara kai shirin ƙasashen da ma'aikata ke fitowa, kamar Pakistan da Bangaladash da Indiya, domin a gwada mutum tun kafin a buga masa biza. Sana'o'in da aka fara da su sun haɗa da aikin wutar lantarki da aikin famfo da walda da gyaran na'urar sanyaya ɗaki.

A nan ɗalibin harshe zai lura da wani abu. Mai walda na iya sanin aikinsa sarai, amma da sunayen da ya ji a bakin maigidansa ya san kayan aikin, wasu Larabcin Sudan, wasu Ingilishi da baki ya murɗa, wasu ma Hausa. Idan tambaya ta zo da daidaitaccen Larabci a fuskar kwamfuta, sai ya rikice a kan abin da hannunsa ya sani tun tuni. Wato gwajin sana'a yana ɗauke da gwajin harshe da na karatu a cikinsa.

Bayan gwajin ƙwarewa akwai na lafiya, wanda ƙasashen Gulf suka haɗu a kai. A asibitin da suka amince da shi ake yi, a ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka, a ɗibi jini saboda ciwon hanta da cutar ƙanjamau. Wanda bai tsallake wannan ba, takardunsa ba za su amfane shi ba.

6.0 Inda Ake Samun Matsala

Babbar matsala ita ce abin da ake kira biza hurra, wato "'yantacciyar biza". A doka babu wani abu mai wannan suna. Abin da ke faruwa shi ne dillali ya sayar wa mutum bizar wani kafili, da sharaɗin idan ya isa zai nemi aikin kansa yana biyan kafilin wani abu. Sau da yawa mihnar da ke jikin irin wannan biza makiyayi ce ko direban gida, alhali mai ita akanta ne ko makaniki. Duk ranar da aka kama shi yana wani aiki, ya saɓa wa sashe na 38 da na 39, hukuncinsa tara da kora. Kafilin kuma yana iya kai rahoton cewa ya gudu, abin da ma'aikata ke kira hurub, wanda ke iya sa zamansa ya zama haramtacce. A ƙasar Hausa mai zaman Makka ba takarda shi ake kira takari, kalmar da ta samo asali daga sunan da Larabawa suke kiran mutanen Afirka ta Yamma.

A ranar 14 ga Maris, 2021 aka sassauta tsarin kafala, aka ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki da fita ƙasar bisa wasu sharuɗɗa ba sai da yardar mai aikin ba. Amma wannan sassauci bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma a nan ne talakawan Sudan da yawa suke.

Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ƙara dagula lamarin. Filin jirgin sama ya rufe, ma'aikatun gwamnati suka koma Fot Sudan, jami'o'i suka watse. Mutane sun gudu sun bar takardunsu a gida, wasu takardun sun ƙone. Tun da tausiƙ da binciken DataFlow duk sun dogara ne a kan ofishin da zai amsa ya ce e, wannan ɗalibinmu ne, ƙwararru da yawa sun sha wahalar tabbatar da ilimin da suke da shi. Sojojin gwamnati sun karɓe Hartum a watan Maris na 2025, amma takardar da ta ƙone sai an sake neman ta daga tushe.

7.0 Wasu Ƙasashe

Wannan tsari ba na Larabawa kaɗai ba ne. A Ostireliya ma kamfani ne ke ɗaukar nauyin baƙo, kuma sai sana'arsa tana cikin jerin da gwamnati ta fitar. A watan Disamba na 2024 ƙasar ta fito da sabon jeri mai sana'o'i 456, kuma akwai hukumomin da ke tantance ƙwarewar masu sana'ar hannu. A Birtaniya sai mai aiki mai lasisi ya ba mutum takardar ɗaukar nauyi kafin ya nemi biza. A Amurka bizar H-1B ta masu digiri ce, kuma an ƙayyade ta ga mutum 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu a can.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa bizar aiki tana tsaye a kan abubuwa uku: mai ɗaukar nauyi, da sana'ar da ƙasar ta yarda baƙo ya yi, da shaidar cewa mutum ya iya ta. Duk mai niyyar tafiya ya kamata ya karanta mihnar da aka rubuta masa kafin ya biya ko sisi, ya kuma ajiye kwafin takardunsa a wuri fiye da ɗaya.

Tambayoyi

1. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi da Hausa: kafili, iƙama, mihna, tausiƙ, hurub.
2. Me ya bambanta gwajin mai digiri da na mai sana'ar hannu?
3. Ta yaya harshe zai iya kayar da gwani a gwajin sana'a? Kawo misali daga wata sana'a da ka sani.