Masu Cewa "Akwatin Namu Ne" Su Ne Ba Sa Fita Zaɓe

Akwai wani ƙauye a ƙaramar hukumarmu da kowa ya san inda ya karkata a siyasa. Dattawansa har gobe suna bugun ƙirji da cewa iyayensu sun sha ɗauri a zamanin NEPU, kuma duk yadda sunayen jam'iyyu suka sauya, layi ɗaya suke bi. Lokacin yaƙin neman zaɓe ba gidan da babu tuta, ba katangar da babu fosta. Amma ranar 18 ga Maris 2023, da aka yi zaɓen gwamna da na majalisar jiha, malaman zaɓe ne kawai suka yini a ƙofar firamare suna fifita da takardu. Magidanta na teburin mai shayi, kunne a rediyo, suna jiran sakamakon zaɓen da ba su jefa ƙuri'a a cikinsa ba. Ka tambaye su, amsar ɗaya ce: "Ai nan gidanmu ne, ko mun fita ko ba mu fita ba, mu ne da akwatin."

Wannan magana ce take ba ni haushi, domin mai faɗinta yana jin ya iya siyasa alhali lissafin farko ya kuɓuce masa. Ba a ƙirga akwatunan da ɗan takara ya ci, ƙuri'un da ke cikinsu ake tarawa, daga rumfa zuwa mazaɓa, zuwa ƙaramar hukuma, har jiha. Idan rumfarku tana da mutum ɗari biyar a rajista, sittin suka fita, to ko duk sittin ɗin naku ne, kun yi wa gwaninku asarar ɗari huɗu da arba'in. Wanda yake ganin wannan ba komai ba ne ya tuna Sakkwato a 2019, inda Aminu Waziri Tambuwal ya kayar da Ahmed Aliyu da ƙuri'a 342 kacal. Rumfa guda ta ƙauye tana iya juya wannan sakamakon.

'Yan tsirarun da ke ɗaya ɓangaren su ma sun kwanta, wai me ƙuri'arsu za ta yi a garin da ba nasu ba. Tana da aiki mana. Gwamna ba ya ci sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, bayan rinjaye. Kuma a ɓoye ake dangwalawa, maƙwabcinka ba zai san inda ka sa yatsa ba.

Cutar ba ta ƙauye ɗaya ba ce. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne a rajista, amma kusan kashi 27 cikin ɗari ne suka fita, ƙasa da kashi 35 na 2019. Sai dai a ƙauye abin ya fi ciwo. Ɗan siyasa yana karanta sakamako rumfa-rumfa. Garin da ba ya sauya ra'ayi, ba ya kuma fita da yawa, babu dalilin da zai sa a yi gaggawar kai masa burtsatse ko taki: masu mulki sun san yana aljihu, 'yan adawa sun fid da rai.

Sannan ga sakacin da ake yi da katin zaɓe. Mutum ya miƙa katinsa da na matansa ga ejan ɗin jam'iyya, wai a ajiye masa, ko a musaya da taliya da sabulu. Tun da aka kawo na'urar BVAS mai duba yatsa da fuska, katinka ba ya yi wa kowa zaɓe sai kai. Saboda haka mai karɓar katin ba ƙuri'arka yake nema ba, so yake ka zauna a gida. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 kan cinikin ƙuri'a, kuma mai karɓa ma yana ciki.

Katinka ya zauna a hannunka, inda kake ajiye takardar gona. Idan kai ɗan ci-rani ne, ka san zaɓe a rani yake faɗowa. Ko ka tanadi kuɗin motar dawowa, ko ka je ofishin INEC na ƙaramar hukuma lokacin da aka buɗe rajista a mayar da sunanka inda kake zaune. Wanda ya ɓatar da kati ya nemi sabo tun da wuri, ba sai ana gobe zaɓe ba. Maigida kuma ya bar iyalinsa su fita. Matan Arewa ba su samu zaɓen shugabannin tarayya ba sai a 1979, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha kurkuku a kan wannan haƙƙi. Ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, kuma duk wanda ke kan layi kafin 2:30 na rana sai ya jefa ƙuri'arsa. Jama'a, shayin ba zai gudu ba, a fara zuwa layi tukuna.