AUKUS: Ostareliya ta fara biya, jiragen na hannun Amurka

A ranar 15 ga Satumba 2021 Ostareliya da Birtaniya da Amurka suka sanar da yarjejeniyar AUKUS, wadda za ta bai wa Ostareliya jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku masu aiki da makamashin nukiliya. Nan take Ostareliya ta yi fatali da kwangilar jirage 12 da ta ƙulla da kamfanin Naval Group na Faransa, Faransa kuwa ta fusata har ta kira jakadunta na Amurka da Ostareliya gida. Daga baya aka lallashi kamfanin da diyyar Yuro miliyan 555. Wannan hayaniya ta ɗauke hankali, alhali raunin yarjejeniyar yana ma'aikatun ƙera jiragen Amurka.

Bisa tsarin da aka bayyana a Maris 2023, Amurka za ta sayar wa Ostareliya jirage uku samfurin Virginia daga farkon shekarun 2030, kafin Ostareliya ta kammala ƙera nata a birnin Adelaide. Sai dai ma'aikatu biyu da ke ƙera su, a Groton da Newport News, ba sa cika jirage biyu a shekara da rundunar ruwan Amurka kanta ke nema. Abin bai wuce ɗaya da 'yan kai ba. Ostareliya ta yi alkawarin dala biliyan 3 domin faɗaɗa ma'aikatun, har ta fara biya. Amma dokar da majalisar Amurka ta zartar a 2023 ta gindaya sharaɗi: sai shugaban ƙasa ya tabbatar cewa cinikin ba zai rage wa Amurka ƙarfi a teku ba. Ke nan wuƙa da nama suna hannun mai kaya, shi ma kuma kayan ba su ishe shi ba.

Masu kare yarjejeniyar suna cewa amana ce ta ɗaure ta, domin tun 1958 da Amurka ta ba Birtaniya fasahar jiragen masu aiki da nukiliya ba ta ƙara ba kowa ba sai yanzu. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. To amma abin da ya yi ƙaranci ƙwararrun masu walda ne da kayan haɗi, amana kuwa ba ta samar da su. Shugaban da zai sa hannu ma ba lalle ya zama wanda ya ɗauki alkawarin ba. Tun a Yuni 2025 ma'aikatar tsaron Amurka ta fara sake bitar shirin. Kafin jiragen su iso dole Ostareliya ta ci gaba da gyaran tsofaffin jiragenta shida samfurin Collins, waɗanda na farkonsu ya fara aiki tun 1996.