Ƙwayoyin Tushe da Toshewar Jijiyar Jini

Duk wanda ya taɓa zama da dattijon da ciwon sukari ya daɗe a jikinsa, ya ga yadda tafiya masallaci take gagararsa saboda sha-raɓarsa na ɗaurewa, sai ya tsaya ya huta kana ya ci gaba, ya kuma ga yadda ɗan rauni a yatsar ƙafa yake zama gyambon da ba ya jin magani, to, ya ga aikin toshewar jijiyar jini ko da bai san sunanta ba. Asalin illar kuwa shi ne, a cikin kowace jijiya Allah Ya shimfiɗa wata siririyar fata wadda jini ke gudana a kanta. Idan hawan jini, ko sukari, ko hayaƙin taba suka ƙuje ta, sai kitse ya sami wurin maƙalewa, hanya ta yi ta ƙuntata shekara da shekaru, har naman da ke gaba ya rasa abincinsa. In a ƙafa ne yakan kai ga yankewa, in a zuciya ne ga mutuwar fuju'a, in kuwa a ƙwaƙwalwa ne ga shanyewar ɓarin jiki.

A cikin ɓargon ƙashi akwai wasu ƙwayoyin halitta waɗanda ba su riga sun ɗauki sana'a ba, daga gare su ne dukkan ƙwayoyin jini suke fitowa, shi ya sa muka kira su ƙwayoyin tushe. Amfaninsu a dashen ɓargo, ga masu sankarar jini da wasu masu sikila, abu ne tabbatacce wanda babu saɓani a kansa. Mas'alar jijiya ce take da sauran magana.

A shekarar 1997 wani likita Bajapane, Takayuki Asahara, yana aiki a birnin Boston na Amurka, ya ba da labarin cewa ya sami wasu ƙwayoyi a cikin jini waɗanda suke taimakawa wajen tsirar da sababbin jijiyoyi. A 2002 likitocin Japan suka ɗebi ɓargon majinyata daga ƙashin ƙugu, suka tace, suka yi musu allurarsa a ƙafar da jini ya yanke mata, suka ce zogi ya ragu, gyambo ya fara kamewa. Duniya ta ɗauka, kuma wa zai ga laifin wanda aka ce za a yanke masa ƙafa idan ya yi murna?

Amma fa ilimi ba ya tsayuwa a kan zato. A ƙasar Holan an gwada abin a kan mutum 160, aka ba rabinsu ƙwayoyin, rabi kuma aka yi musu allurar da babu su a ciki, ba tare da majinyaci ko likitansa ya san wanda aka ba me ba. Da aka bayyana sakamako a 2015, sai ga shi ƙwayoyin ba su rage yankan ƙafa ba. Hasali ma an fahimci cewa mafi yawansu ba sa daɗewa a inda aka zuba su.

Malaman hadisi sun koya mana cewa kafin a karɓi ruwaya sai an duba amanar mai ruwayar, kuma a nan ma ƙa'idar ta yi aiki. A 2014 wasu masana a Landan suka bi diddigin gwaje-gwaje 49 na zuba ƙwayoyin ɓargo ga masu ciwon zuciya, suka tarar da tufka da warwara fiye da 600 a cikin rahotanninsu. Abin al'ajabi, rahoton da ya fi yawan kurakurai shi ya fi kururuta fa'ida, guda biyar ɗin da ba a sami aibi a cikinsu ba kuwa ba su nuna wata fa'ida ba. A 2018 Jami'ar Harvard da kanta ta nemi a janye maƙaloli 31 na ɗakin binciken Piero Anversa, wanda ya shahara a wannan fanni, saboda an sami ƙage a cikinsu.

Ba ina cewa a yanke ƙauna ba ne, domin bincike na gaskiya yana nan yana tafiya. Abin da nake gudar wa jama'a shi ne dillalan da suke kai marasa lafiya ƙasashen waje, a sayar da gona ko gida, a biya kuɗin allurar da ba ta da hujja, wadda kuma takan cutar: a Florida mata uku sun biya dala 5,000 kowacce aka yi musu allurar ƙwayoyin da aka tace daga kitsensu a ido, ganinsu ya lalace. Saboda haka wanda aka yi wa tayin irin wannan magani ya tambaya, hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da shi ga wannan ciwo, ko kuwa gwaji ne? In gwaji ne, don me majinyaci zai biya?

Kafin binciken ya kai ga gaci, mai sukari ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa kullum lokacin alwala, ya daina yawo ba takalmi, ya bar taba, ya riƙe maganin hawan jini da na kitse yadda likita ya tsara. In kuwa ya ga yatsa ta fara baƙi ko ƙafa ta yi sanyi, ya tafi asibiti a ranar, domin sau da yawa ana iya buɗe jijiyar ko a yi wa jinin wata hanya tun nama bai mutu ba.